Yadda Ake Kai Ƙorafin Kansul a Ingila: Gida, Makaranta da Kula da Marasa Ƙarfi

A watan Disamban 2020 wani yaro mai suna Awaab Ishak ya rasu a garin Rochdale, kusa da Manchester, kwanaki kaɗan bayan ya cika shekara biyu. Iyayensa 'yan asalin Sudan ne, suna haya a gida mai ɗakin kwana ɗaya na wata ƙungiyar gidaje. Tun 2017 mahaifinsa ya kai kukan fumfunar da ta kama bango, aka ce ya shafa fenti a kai. Da aka kammala binciken musabbabin rasuwar a Nuwamban 2022, sai aka tabbatar cewa fumfunar ce ta lalata wa yaron numfashi. Aka kuma gano cewa ma'aikata sun ɗora laifin danshin a kan yadda iyalin ke rayuwa, har suna zaton wanka da bokiti ne ya jawo shi, ba tare da sun tambaye su ba.

Wannan iyali sun yi kuka, sauraro ne ba su samu ba. Abin ya girgiza ƙasar har majalisa ta yi doka da sunan yaron, aka kuma ƙarfafa hanyoyin kai ƙorafi fiye da da. Yanzu akwai wa'adin da doka ta yanka wa masu gidaje, akwai ofisoshin da ke bi wa talaka kadi kyauta. Sai dai duk waɗannan ba sa motsi da kansu. Sai mutum ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ya sa maganarsa a rubuce, ya kuma kiyaye lokaci.

A nan ne da yawa daga cikin mutanenmu mazauna Landan, Manchester, Birmingham da sauran garuruwa suke cutuwa. An rene mu a kan cewa mahaƙurci mawadaci ne, baƙo kuma ba ya ɗaga murya a garin mutane. Sai ka ga magidanci yana ta buga waya a kan rufin da ke yoyo, kullum a ce masa za a turo mai gyara, ya yi godiya ya ajiye waya. Haƙuri halin kirki ne. Amma gyaran gidan da kake biyan hayarsa, da gurbin karatun ɗanka, da kulawar da tsohuwarka take buƙata, duk haƙƙoƙi ne da doka ta rubuta, kuma babu rashin kunya a cikin neman su. Abin da ke tafe ya shafi Ingila kaɗai. Scotland, Wales da Ireland ta Arewa kowacce tana da nata tsarin.

Fara da gano ƙofar

A Landan da manyan birane irin su Manchester, Birmingham da Leeds, kansul (ƙaramar hukuma) ɗaya ce ke riƙe da gidaje da ilimi da walwalar jama'a. A wasu yankuna kamar Kent da Essex aikin a rabe yake: kansul ta lardi tana kula da makarantu da walwala, ta gunduma tana kula da gidaje. Idan ka shiga shafin GOV.UK ka sa lambar fostkod ɗinka, zai nuna maka taka.

A saman kansul akwai masu bincike guda biyu, kuma ba ƙarƙashinta suke ba. Na farko shi ne Housing Ombudsman. Nasa shi ne duk abin da ya shiga tsakanin ɗan haya da mai gida, idan mai gidan kansul ce ko ƙungiyar gidaje: gyara, danshi, hita da ta mutu, fitinar maƙwabta da aka ƙi magancewa. Na biyu shi ne Local Government and Social Care Ombudsman, wanda dokar 1974 ta kafa. Nasa shi ne sauran aikin kansul: layin rabon gidaje, taimakon wanda ya rasa matsuguni, ilimi, da kula da yara da manya. Wanda ya san Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da aka kafa a Najeriya a 1975 ya san manufar irin wannan ofis.

Ka lura da wannan rabo da kyau. Idan bangon gidanka na kansul ne ke zubar da ruwa, na farko za ka nufa. Idan kuma an sa ka a rukunin da bai dace ba a layin jiran gida, na biyu ne. Kai magana inda ba nata ba kamar kai rikicin gona gaban sarkin pawa ne: zai saurare ka, ya sallame ka, makonni kuma sun tafi.

Ƙorafi daban, ɗaukaka ƙara daban

Wannan shi ne wurin da aka fi yin asara. Ƙorafi ana yin sa ne a kan yadda aka tafiyar da lamarinka: jinkiri, ɓatar da takardu, rashin amsa, alkawarin da ba a cika ba, wulaƙanci. Ɗaukaka ƙara kuwa, ko neman a sake duba hukunci, ana yin sa ne idan hukuncin kansa kake so a sauya: an hana ɗanka gurbi a makaranta, an ce kai ka jawo wa kanka rashin gida, an ƙi auna buƙatar yaro mai lalura.

Ƙorafi yana da sarari, yawanci wata 12 daga ranar da ka san da matsalar. Ɗaukaka ƙara wa'adinsa gajere ne, wani kwana 21, wani wata biyu. Mutum yakan ɓata wata uku yana ƙorafi, kafin a amsa masa ƙofar ɗaukaka ƙara ta rufe. Bugu da ƙari, ombudsman ba ya yawan shiga maganar da take da hanyar kotu. Saboda haka duk wasiƙar hukunci da ta zo maka, fara da shafin ƙarshe. A nan ake rubuta damar da kake da ita da kwanakin da suka rage maka. Idan lamarin ya haɗa biyun, yi su tare, amma ka fara da mai gajeren wa'adi.

Tara hujja tun kafin ka buƙace ta

Sayi ƙaramin littafi ka ajiye shi kusa da waya. Duk lokacin da ka yi magana da wani ma'aikaci, rubuta rana, lokaci, sunansa, abin da ya ce za a yi, da lambar da aka ba wa maganarka. Idan bai ba ka lamba ba, ka nema. Bayan kun gama, tura gajeren imel: yau mun yi magana da wane, ya ce mai gyara zai zo ranar kaza. Wannan layi biyu ya mai da maganar baki ta zama shaida.

Idan danshi ne, janye kabad da gado daga bango ka duba bayansu, don a nan fumfuna ta fi taruwa, da kusurwar taga da rufin banɗaki. Ɗauki hoto biyu, ɗaya daga nesa yadda za a gane ɗakin, ɗaya daga kusa da tsabar kuɗi ko rula a jikin tabon don a ga girmansa. Sake ɗauka bayan mako biyu daga wuri ɗaya. Kada ka goge bango kafin ka ɗauki hoto. Katifa ko tufafin da suka lalace, ɗauke su hoto kafin a zubar, ka ajiye rasit na sababbi. Idan yaro yana tari ko asma ta tashi, kai shi wurin likita ka faɗi halin gidan a fili, don ya shiga cikin bayanan asibiti.

Doka ta kuma ba ka damar neman kwafin bayanan da kansul ta ajiye a kanka, kyauta, a ƙa'ida cikin wata guda. Ana kiran wannan buƙata subject access request. Sau da yawa a ciki ake ganin ranar da aka karɓi kukanka na farko, da abin da ma'aikata suka rubuta wa juna a kai.

Rubuta takardar

Kowace kansul tana da fom ko adireshin imel na ƙorafi a shafinta. Ka faɗa a layin farko cewa wannan ƙorafi ne a hukumance, kana so a yi masa rajista a mataki na ɗaya, don kada a lissafa shi a matsayin neman gyara kawai. Sauran takardar kashi huɗu ne, kuma bai kamata ta wuce shafi ɗaya ko biyu ba.

Na farko, abin da ya faru, bi da bi da kwanan wata. Na biyu, abin da ya kamata su yi ba su yi ba. Na uku, yadda abin ya cuce ka da iyalinka. Na huɗu, abin da kake so a yi. Ga yadda cikinta zai kasance kafin a mayar da ita Turanci:

"Ranar kaza na sanar da ku ruwa yana zuba daga rufin ɗakin yara, aka ba ni lamba kaza. Ranar kaza aka ce mai gyara zai zo, na bar aiki na jira, bai zo ba. Na sake kira ranar kaza. Har yau ba a gyara ba. Yarana biyu sun koma kwana a falo, ƙaraminsu likita ya ba shi maganin asma, ga takardar. Ina neman a turo mai duba gini cikin mako guda, a ba ni ranar gyara a rubuce, a biya ni kuɗin katifar da ta lalace, a kuma bayyana mini dalilin jinkirin."

Kashi na huɗun nan shi mutane suka fi mantawa. Wanda bai faɗi abin da yake so ba, haƙuri za a ba shi a rufe fayil. Ka kuma guji zagi da zargin abin da ba ka da hujjarsa. Idan ka ga alamar wariya ce, faɗi ainihin kalaman da aka yi maka, da wanda ya yi su, da ranar. Idan Turancinka bai kai ba, nemi tafinta, ko ka ba wani babba izini a rubuce ya tsaya maka. Kada ka mai da ƙaramin yaro tafinta a maganar da ta shafi asirin gida.

Gida

Tun 1 ga Afrilun 2024 ƙa'idar ƙorafi ta Housing Ombudsman ta zama doka a kan kansuloli da ƙungiyoyin gidaje. Matakai biyu ne kacal. A na farko, su shaida maka sun karɓa cikin ranakun aiki 5, su amsa cikin ranakun aiki 10 bayan haka. Idan amsar ba ta gamsar da kai ba, ka nemi mataki na biyu, inda wani ma'aikaci daban zai duba ya amsa cikin ranakun aiki 20. Suna iya neman ƙarin lokaci, amma sai sun faɗi dalili. Daga nan kai tsaye kake wucewa wurin ombudsman. Tsohon sharaɗin bi ta hannun kansila ko jiran mako takwas an soke shi tun Oktoban 2022.

Dokar Awaab ta fara aiki ranar 27 ga Oktoban 2025 a gidajen kansul da na ƙungiyoyin gidaje. Haɗarin gaggawa, kamar yoyon gas ko wayar lantarki mai barazana, a duba shi a kau da shi cikin awa 24. Danshi da fumfuna masu illa ga lafiya, a bincika cikin ranakun aiki 10, a ba ka sakamako a rubuce cikin ranakun aiki 3 bayan binciken, a kau da haɗarin cikin ranakun aiki 5. Idan ba za su iya ba, su sama maka wani masauki da kuɗinsu. Idan aka ce girkinku ko wankanku ko shanyar cikin ɗaki ne ya jawo, ka nemi rahoton mai duba gini a rubuce. Tun 2021 Housing Ombudsman ya gargaɗi masu gidaje su daina fakewa da yadda mutane ke rayuwa.

Duk yadda ranka ya ɓaci, kada ka daina biyan haya. Bashin haya dalilin kora ne, kuma zai mai da kai mai laifi a maganar da kake da gaskiya. Mai haya a gidan ɗan kasuwa kuwa, idan mai gida ya ƙi gyara, sashen lafiyar muhalli na kansul zai kira su zo su duba. Idan su ma suka yi biris, ya kai ƙorafinsu.

Ga wanda ya rasa matsuguni, ko zai rasa cikin kwana 56, wajibi ne kansul ta karɓi maganarsa. Idan ta yanke hukuncin da bai yi maka ba, kwana 21 gare ka ka nemi a sake dubawa. Idan bitar ma ba ta yi ba, wasu kwana 21 ne na zuwa kotun lardi a kan kuskuren doka. Iyali mai yara ko mai juna biyu bai kamata su wuce mako shida a masaukin kwana na 'yan kasuwa da ake haɗa banɗaki ko kicin da wasu ba. Abu mafi haɗari shi ne ƙin karɓar gidan da aka ba ka. Ko ya yi nisa, ko ya yi ƙanƙanta, karɓe shi sannan ka nemi a sake duba dacewarsa, doka ta yarda da haka. Idan ka ƙi kuma bita ta ce gidan ya dace, kansul tana iya cewa ta sauke nauyinka.

Makaranta

Ana sanar da gurbin sakandare ranar 1 ga Maris, na firamare ranar 16 ga Afrilu, ko ranar aiki ta gaba idan suka faɗa hutu. Idan ba a ba ɗanka makarantar da ka zaɓa ba, za a ba ka aƙalla ranakun makaranta 20 ka ɗaukaka ƙara gaban kwamiti mai zaman kansa. Karɓi gurbin da aka ba ka, ka sa sunansa a layin jira, sannan ka ɗaukaka. Karɓar ba ta rage maka komai. A ajujuwa ukun farko na firamare doka ta ƙayyade yara 30 ga malami ɗaya, don haka nasara a nan tana da wuya sai an yi kuskure wajen bin ƙa'idar rabo. Idan kwamitin ne bai yi zaman yadda ya kamata ba, ombudsman na kansul yana duba na makarantun kansul, Ma'aikatar Ilimi kuma tana duba na makarantun akademi, waɗanda ba kansul ke tafiyar da su ba.

Abin da ya faru a cikin makaranta, kamar cin zali tsakanin yara ko halin wani malami, ba na kansul ba ne. Malamin aji za ka fara gani, sai shugaban makaranta, sai hukumar gudanarwarta a rubuce, sannan Ma'aikatar Ilimi. Idan an kori yaro kora ta dindindin, hukumar gudanarwa za ta zauna cikin ranakun makaranta 15, kuma kana da damar halarta ka yi magana. Idan ta tabbatar da korar, kana da wasu ranakun makaranta 15 ka nemi kwamitin bita mai zaman kansa. Daga rana ta shida bayan kora, nauyin kansul ne ta sama wa yaron cikakken karatu. Haka kuma yaron da rashin lafiya ta hana zuwa makaranta na tsawon lokaci, sashe na 19 na dokar ilimi ta 1996 ya ɗora wa kansul nauyin karatunsa.

Iyayen yara masu buƙata ta musamman, kamar otizim ko jinkirin magana ko naƙasa, su ne suka fi shan wahala. Dokar 2014 ta ba iyaye damar neman a auna buƙatar yaro da kansu, ba sai makaranta ta yarda ba. Kansul tana da mako 6 ta ce za ta auna ko ba za ta auna ba, da mako 20 daga ranar buƙata zuwa fitar da cikakkiyar takardar EHCP, wato tsarin taimakon da za a ba yaron. Idan ta ƙi, ko ba ka yarda da abin da aka rubuta ko makarantar da aka ambata ba, kotun musamman ta SEND za ka je cikin wata biyu daga ranar wasiƙar. Yawanci sai ka fara tuntuɓar masu sasanci sun ba ka takardar shaida. Idan kuwa jinkiri ne, ko an rubuta taimako a takarda ba a bayarwa, wannan ƙorafi ne, kuma a 'yan shekarun nan ombudsman ya sami kansuloli da laifi a fiye da tara cikin goma na irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe da ya bincika. Lalurar yaro ba abin ɓoyewa ba ce. Kowace shekarar da aka ɓoye ta, karatu ne yaron ya rasa.

Kula da manya

A ƙarƙashin dokar kulawa ta 2014, duk babban da ake ganin yana buƙatar taimako wajen wanka, cin abinci, sa tufafi ko fita, yana da haƙƙin a auna buƙatarsa kyauta, ko mai kuɗi ne ko talaka. Mai jinyarsa ma, 'ya ce ko mata ko suruka, tana da nata haƙƙin a auna nauyin da ke kanta. Mutanenmu sukan ce ai mu muke kula da iyayenmu, kuma haka ya kamata. Amma idan ma'aikaci ya tambaya kika ce kina iya komai, haka zai rubuta, taimakon kuma ya ragu. Faɗi gaskiyar abin da kike iyawa da wanda ya fi ƙarfinki. Ki kuma sa a rubuta a tsarin kulawar cewa Hajiya mace take so ta yi mata wanka, abincinta na halal ne, tana buƙatar taimakon alwala. Abin da aka rubuta shi ake iya bin kadinsa.

Bayan auna buƙata sai auna dukiya. Wanda ajiyarsa ta haura fam 23,250 yawanci shi zai biya da kansa. Nemi lissafin a rubuce, don ana yawan kuskure a nan. Ƙorafin kula da manya mataki ɗaya ne a doka: a shaida maka an karɓa cikin ranakun aiki 3, a bincika, a ba ka amsa, daga nan sai ombudsman. Ko da kuɗinku kuke biyan gidan kula da tsofaffi ko kamfanin masu zuwa gida, ombudsman yana karɓar ƙorafinku bayan kun fara kai wa kamfanin. Hukumar CQC tana sa ido a kan ingancin wuraren, kuma yana da kyau a sanar da ita, amma ba ta warware ƙorafin mutum ɗaya. Idan ka ga alamar duka, yunwa, gyambon kwanciya ko satar kuɗi, kada ka tsaya bin matakai. Kira sashen kare manya na kansul a ranar, ko 999 idan rai yana cikin haɗari.

Kula da yara

Ba abin da ke tayar wa iyaye hankali kamar ma'aikaciyar walwala a bakin ƙofa. Tambaye ta cikin natsuwa a ƙarƙashin wane sashe na dokar yara ta 1989 ta zo. Sashe na 17 na taimakon yaro mabuƙaci ne. Sashe na 47 bincike ne a kan zargin cutarwa. Nemi kwafin rahoton da aka rubuta, ka karanta shi layi-layi, ka gyara kuskure a rubuce. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba. Iyalin da takardar zamansu ta hana su tallafin gwamnati suna iya samun taimako ta sashe na 17 idan yara suna cikin ƙunci, amma kansul takan tuntuɓi Home Office, wato ma'aikatar cikin gida, don haka a nemi shawarar masanin dokar shige da fice tukuna.

Yawancin ƙorafi a wannan fanni matakai uku ne. Na farko ranakun aiki 10, ana iya kai shi 20. Na biyu bincike ne da ake sa wani mutum mai zaman kansa ya sa ido, ranakun aiki 25 zuwa 65. Na uku kwamiti ne na mutum uku masu zaman kansu, kuma cikin ranakun aiki 20 bayan amsar mataki na biyu ake neman sa. Abin da alƙali ya yanke ƙorafi ba ya sauya shi. Idan magana ta doshi kotu, lauya za ka nema nan take, kuma iyaye suna samun lauya kyauta a shari'ar karɓe yara.

A gaban ombudsman

Da wasiƙar amsa ta ƙarshe ake zuwa. Idan kansul ta yi shiru ta wuce wa'adinta, ka sanar da ombudsman hakan, yana iya matsa mata ta amsa. Housing Ombudsman yana so ka zo cikin wata 12 daga amsar ƙarshe. Na kansul yana ƙirga wata 12 ɗinsa daga lokacin da ka fara sanin matsalar, don haka kada ka bari a yi ta ja maka rai. Ba a biyan ko kwabo, ba kuma sai da lauya ba.

Abu biyu yake nema: an yi kuskure wajen aiki, kuma kuskuren ya cuce ka. Idan kansul ta bi ƙa'ida ta yanke hukuncin da bai yi maka daɗi ba, ba zai sauya shi ba. Ba kowane ƙorafi yake bincika ba, kuma binciken yakan ɗauki watanni. Idan ya same su da laifi, yakan sa su ba da haƙuri a rubuce, su yi aikin da suka bari, su sake duba hukunci, su biya diyya. Diyyar ba ta arziki ba ce. A kan karatun da yaro ya rasa, alal misali, ma'aunin ombudsman na kansul yana tsakanin fam 900 zuwa 2,400 a kowane zango. Umarnin Housing Ombudsman wajibi ne a kan masu gidaje. Na ombudsman na kansul kuwa shawara ce a doka, amma kusan dukkanta kansuloli suna bi. Dukansu suna wallafa hukunce-hukuncensu ba tare da sunan mai ƙorafi ba. Karanta biyu ko uku masu kama da naka kafin ka rubuta, za ka ga irin hujjar da take tasiri.

Masu tsaya maka

Shelter tana ba da shawara a kan gida, Citizens Advice a kan kusan komai. Kowace kansul tana da ofishin SENDIASS na iyayen yara masu buƙata ta musamman, IPSEA kuma ta ƙware a dokar wannan fanni. Family Rights Group tana taimakon iyalan da ma'aikatan walwala suka shiga lamarinsu, Age UK da Carers UK suna taimakon tsofaffi da masu jinya. Kansilan unguwarka da ɗan majalisarka suna da ranakun ganin jama'a, kuma wasiƙarsu takan sa a ɗauko fayil da aka manta. Yi amfani da su, amma kada su maye gurbin ƙorafin hukuma, don ziyararsu ba ta tsayar da wa'adi.

Akwai kuma aikin da ya rage namu. A kowane masallaci da kowace ƙungiyar 'yan gida akwai wanda ya iya Turancin ofis, akwai kuma dattijuwa ko sabon zuwa da wasiƙa a jaka wadda ba su san me ta ƙunsa ba. A haɗa su. Ombudsman yakan nemi kansul ta gyara tsarinta ta kuma duba sauran mutanen da kuskure ɗaya ya shafa, saboda haka takardar mutum guda tana iya amfanar maƙwabtan da bai taɓa gani ba. Idan kana da wasiƙar kansul a ajiye, ɗauko ta yau, duba kwanan watan da ke kanta, ƙirga kwanakin da suka rage, ka rubuta ranar ƙarshe a kalanda. Sannan ka zauna ka rubuta kashi huɗun nan, ka tura, ka ajiye kwafi.